Heinrich Barth (Abdulkarim), 1821–1865: Matafiyin da ya Zana Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Kafin kyamara ta zama abin da matafiyi zai iya ratayawa a wuya, duk wanda yake son ya nuna wa mutanen garinsu kamannin wata ƙasa mai nisa, sai dai ya zauna ya zana ta da hannu. Wannan buƙata tana daga cikin abubuwan da suka haɓaka fannoni biyu na zane a Turai. Na farko shi ne zanen shimfiɗar ƙasa, wato duwatsu da koguna da birane kamar yadda ido ke hango su. Na biyu kuwa shi ne zanen tsirrai, wato a fito da bishiya ko ganye ko fure dalla-dalla, yadda masani zai iya gane irinsa. Ayyukan irin waɗannan masu zane sun zama kaya masu tsada a yau, ana rububin sayensu a manyan gidajen gwanjo na duniya.

Ƙasar Hausa ma ta shiga cikin wannan taska, kuma wanda ya fi kowa shigar da ita a ƙarni na 19 shi ne wani Bajamushe mai suna Dokta Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Zane ba sana'arsa ba ce, masanin tarihi ne da labarin ƙasa da harsuna. Amma daga fensirinsa ne aka sami shahararrun hotunan Kano da Sakkwato na wancan zamani, kuma ya taka ƙasar Zurmi da Badarawa da ƙafarsa. Wannan babi zai bi rayuwarsa, ya duba hannuwan da zanensa ya ratsa kafin ya zama hoton littafi, sannan ya nuna inda wannan gado yake a yau.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Barth a birnin Hambug na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne wanda ya tashi cikin talauci ya yi arziki da guminsa, saboda haka bai yi ƙyashin kashe kuɗi a kan karatun ɗansa ba. Tun yana yaro Barth ba mai yawan abokai ba ne, littattafai ne abokan hirarsa. A shekarar 1839 ya shiga Jami'ar Balin, inda ya karanta tarihin tsoffin Girkawa da Rumawa da kuma labarin ƙasa a hannun shahararren malami Karl Ritter. Ya sami digirin dokta a 1844 da bincike a kan cinikayyar tsohon birnin Korinti na ƙasar Girka. Wannan sha'awa ta sanin abin da ake saye da sayarwa, da hanyoyin da kaya ke bi, ita ce daga baya ta sa ya kwashe kwanaki yana ƙididdige hajar kasuwar Kano.

Bayan ya ƙara karatun Larabci a Landan, sai ya fita yawon buɗe ido daga 1845 zuwa 1847, ya bi gaɓar Bahar Rum tun daga Maroko har Masar da Sham da Turkiyya. A kusa da iyakar Masar 'yan fashi suka tare shi, suka ji masa rauni, suka kwashe yawancin takardunsa. Littafin da ya fitar a kan wannan tafiya a 1849 bai yi kasuwa ba, amma tafiyar ta koya masa zama da Musulmi, da juriyar hanya, da ɗabi'ar rubuta abu nan take tun bai shige ba.

3.0 Babbar Tafiya, 1850–1855

A ƙarshen 1849 gwamnatin Ingila ta shirya ayarin da zai ratsa Sahara zuwa tafkin Cadi, domin ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna da kuma neman hanyar daƙile cinikin bayi. James Richardson ne shugaban ayarin, aka haɗa shi da Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg, masanin duwatsu. Sun bar Tarabulus a watan Maris na 1850.

Tun a cikin hamada aikin zane ya fara. A wani kwari da ke tsakanin Murzuk da Gat, Barth ya kwafi zane-zanen da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin duwatsu, ciki har da na shanu, ya kuma fahimci cewa wurin da ya zama rairayi a da makiyaya ce. A wajen Gat ɗin ne ya hau dutsen Idinen shi kaɗai ya ɓata, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jininsa kafin wani Buzu ya gano shi. A watan Oktoba ya shiga Agadas, ya zana doguwar hasumiyar masallacinta.

A Janairun 1851 Turawan uku suka rabu a Damargu, kowa ya kama hanyarsa. Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya iso Kano a farkon Fabrairu, zamanin Sarki Usman. Ya iso da bashi a kansa, ga zazzaɓi, amma haka ya zagaya birnin a kan doki ya zana taswirarsa unguwa-unguwa. Ya kuma hau Dala ya zana garin yadda ya hango shi: soraye da bukkoki a cakuɗe, da kududdufai, da filayen kiwo a cikin ganuwa, da dabino da gwanda sun yi wa gidaje rumfa. Ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, adadin da kan ninka idan fatake suka sauka.

Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya kai Kukawa. Barth ya ci gaba da aiki daga fadar Shehu Umar na Barno. Ya isa kogin Binuwai ranar 18 ga Yuni, 1851, ya shiga Yola inda Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, ya je Kanem da Bagarmi. Ya kuma bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, inda ya ga kamun bayi da kisa da idonsa ya rubuta munin abin, ko da yake an zarge shi a Ingila da rakiyar irin wannan hari. A Satumban 1852 Overweg ma ya rasu a bakin tafkin Cadi. Barth ya rage shi kaɗai, sai ya yanke shawarar ya nufi yamma, zuwa Sakkwato da Tambutu.

4.0 Barth a Ƙasar Zamfara

Ya bar Kukawa a watan Nuwamba na 1852, ya bi ta Damagaram ya sake saukowa Katsina. Ranar 21 ga Maris, 1853 ya fita daga Katsina tare da ayarin Galadiman Sakkwato, wanda ya zo karɓar haraji. Tafiya cikin babban ayari dole ce a lokacin, domin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi ba su daina kai hare-hare a kan wannan hanya ba. Ayarin ya bi ta Kurfi, ya shiga Zurmi, garin da Bature Hugh Clapperton ya riga ya ratsa tun 1824, sannan ya wuce Badarawa, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Shinkafi. A nan Barth ya tarar da kasuwa cike, auduga ce babbar hajarta. A kan wannan hanya ce kuma ya zana rudu, wato ɗan ɗakin kwana da ake ɗorawa bisa dogayen dirkoki domin guje wa sauro. Wannan ƙaramin zane yana nuna irin idon mutumin: abin da ɗan gari ba zai ɗauka a bakin komai ba, shi ne shi yake tsayawa ya auna ya zana.

Daga nan suka tsunduma dajin Gundumi, suka yi tafiyar awa 26 ba hutawa saboda rashin ruwa da tsoron mahara. A bakin dajin, a Gawasu, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, wanda yake shirin fita yaƙi. Sarkin ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi izinin wucewa da takardar aminci ga fataken Ingila. Barth ya zauna a Wurno fiye da wata guda, ya ziyarci Sakkwato ya zana kasuwarta, ya kuma karanta rubuce-rubucen shugabannin jihadi a hannun malamai. A rataye na juzu'i na huɗu na littafinsa ya jera garuruwan Zamfara, ciki har da Zurmi da Ƙauran Namoda da Moriki, ya nuna waɗanda ke bin Sakkwato da waɗanda suka karkata ga Gobir. Wannan jeri shaida ce ga mai nazarin tarihin yankin tun kafin zuwan Turawan mulki, da kuma shekaru 76 kafin layin dogo ya iso Ƙaura a 1929.

A Gwandu ya sami kwafin littafin Tarihus Sudan ya kwafi sassa masu yawa daga ciki, sai dai ya yi kuskuren jingina shi ga Ahmad Baba alhali na Abdurrahman Assa'adi ne. Ya ƙetare Kwara a Sayi, ya ɓad da kama a matsayin Balarabe a wani yanki na hanya, ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853. Shehu Ahmad Albakka'i ne ya tsare ransa har ya baro yankin a watan Mayu na 1854. A hanyar dawowa ya sake ratsa Zamfara a Oktoban 1854. A lokacin an riga an yi shelar mutuwarsa a Turai. Ya isa Tarabulus a Agustan 1855, ya sauka Landan a Satumba, bayan tafiyar fiye da kilomita 15,000.

5.0 Daga Fensir Zuwa Littafi

Kayan aikin Barth ba su da yawa: agogo, da kamfas mai nuna alƙibla, da ma'aunin zafi, da ƙananan littattafan rubutu, da fensir. Yana bisa doki ko raƙumi yake rubuta lokaci da inda hanya ta karkata. Da waɗannan bayanai ne August Petermann ya tsara taswirori 15 na littafin. Zanen kuwa yawanci na gaggawa ne, layuka ne da ke nuna tsarin wuri, wani lokaci ma a ɓoye ake yin su, domin baƙon da aka gani yana zana ganuwa ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri.

Wanda ya mayar da waɗannan layuka cikakkun hotuna shi ne Johann Martin Bernatz, ƙwararren mai zanen shimfiɗar ƙasa, wanda aka haifa a garin Speyer na Jamus a 1802, ya rasu a Munik a 1878. Bernatz ya taɓa zuwa Masar da Falasɗinu a 1836 zuwa 1837, ya kuma bi tawagar Ingila zuwa Shawa ta ƙasar Habasha daga 1841 zuwa 1843, har ya fitar da kundin hotunan Habasha a 1852. Amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Shi ya sa wa zanen Barth haske da inuwa da gajimare, ya cika filin da mutane da dabbobi.

Daga hannunsa aikin ya wuce ga masu ɗab'in dutse, fasahar da Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Munik a 1796. Akan yi zanen da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, a shafa tawada. Tawadar takan kama inda maiƙo yake kawai, sai a danna takarda a kai. Idan ana son launi, sai a ƙara wani dutsen. Ta haka aka buga hotuna 60 a cikin juzu'i biyar na littafin, wanda ya fito da Ingilishi da Jamusanci a 1857 da 1858, ban da ƙananan zane-zane masu yawa da aka sassaƙa a katako.

A nan akwai abin lura ga ɗalibi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma hoton Kano daga kan Dala gani ne da ya ratsa hannu uku: na wanda ya hau dutsen, da na wanda ya ƙawata zanen a Munik, da na maɗaba'a. Saboda haka tsarin gari da yanayin gine-gine da matsayin duwatsu sun fi zama abin dogaro, domin su ne Barth ya auna. Siffar tufafi da tsayuwar mutane da yanayin reshen bishiya kuwa, sai an gwada su da abin da ya rubuta da kuma abin da dattawa suka sani.

6.0 Bishiyoyi da Sunayensu

Barth ba masanin tsirrai ba ne, kuma bai yi irin zanen nan na fure ɗaya a shafi ɗaya ba. Gudummawarsa a wannan fanni ta wata fuska ce: ya kira bishiyoyi da sunayen da masu ƙasa ke kiransu. A littafinsa ana cin karo da kuka da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo da rimi da giginya da goruba da tumfafiya, a rubuce da Hausa. Yakan faɗi inda ya fara ganin wata bishiya da inda ta ɓace masa, da amfanin da ake yi da ita, kamar daddawa daga kalwar ɗorawa da man kaɗe daga kaɗanya. Da yake yana rubuta rana da wuri, mai bincike a yau yana iya bin sawunsa zango-zango ya gwada bishiyoyin 1853 da na yanzu. Masanin tsirrai na Faransa Auguste Chevalier ya raɗa wa shinkafar daji ta Afirka suna Oryza barthii domin tunawa da shi, kuma daga wannan iri ne aka samo shinkafar gargajiya ta Afirka ta Yamma. Aikin tattara sunayen tsirrai da Hausa ya sami cikar tsari daga baya a hannun Dokta J. M. Dalziel, wanda ya buga ƙamusunsu a 1916.

Wannan kula da suna ta samo asali ne daga ƙaunarsa ga harshe. Ya iya Hausa har yana hira da ita ba tafinta, ya kuma rubuta labarin Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Daga cikin yaran da suka yi masa hidima akwai Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda Overweg ya 'yanta. Barth ya tafi da shi Turai, inda J. F. Schön ya rubuta labaransa daga bakinsa, suka fito a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano a 1912.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Barth bai sami irin tarbar da ya zata ba. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinariya a 1856, amma littafinsa mai shafi kusan 3,500 ya yi wa masu karatu nauyi, har aka rage adadin da aka buga na juzu'i biyu na ƙarshe. A daidai lokacin littafin David Livingstone na 1857 yana tashi dubu-dubu. Shi kansa Barth mutum ne mai saurin fushi da zargi, abin da ya ɓata tsakaninsa da jami'an Ingila. Ya koma Jamus, ya yi tafiye-tafiye a Turkiyya da yankin Balkan, ya fara fitar da kundin kwatanta harsuna tara, ciki har da Hausa da Kanuri da Fulatanci, daga 1862. Sai a 1863 ya sami kujerar farfesa a Jami'ar Balin, ita ma ba cikakkiya ba. Bai yi aure ba. Ya rasu a Balin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, sakamakon ciwon ciki, yana da shekara 44, bai kammala kundin harsunan ba.

8.0 Gadonsa a Kasuwar Gwanjo

Gwanjon da ake nufi a nan ba na tsofaffin tufafi ba ne. Gidaje ne irin su Sotheby's da Christie's da Bonhams na Landan, waɗanda aka kafa tun ƙarni na 18. Sukan buga kundin kayan da za a sayar tare da ƙiyasin farashi, masu saye su yi ta tayi, mai gwanjo ya buga guduma ya sallama wa wanda tayinsa ya fi. Zanen tsirrai na da daraja ƙwarai a wannan kasuwa. Alal misali, a 1985 an sayar da zanen furanni 468 na Bafaranshe Pierre-Joseph Redouté a kan dala miliyan 5.5 a birnin Niyok, wanda ya saya kuma ya rarraba su.

Littafin Barth bai kai wannan matsayi ba, amma bugun farko da bai yi kasuwa ba a zamaninsa yanzu dubban fam ake sayensa. Abin da masu saye ke dubawa shi ne ko juzu'an biyar sun cika, ko hotuna 60 da taswirori 15 suna nan, ko danshi ya yi wa takarda ɗigo-ɗigo, ko bangon na asali ne. Wasu dillalai kan farke littafin da ya sami naƙasa su sayar da hotunan ɗaya-ɗaya domin a rataya a bango. Da zarar an yi haka, hoto ya rabu da bayanin da ke fassara shi, ya tashi daga shaida ya koma ado. Farashin gwanjo yana auna ƙarancin abu da lafiyar takardarsa, ba ya auna amfaninsa ga mutanen da aka zana garinsu. Abin farin ciki shi ne an sake buga littafin a 1965, A. H. M. Kirk-Greene ya tsamo sassan da suka shafi Nijeriya a 1962, kuma a yau ana samun tsohon bugun kyauta a intanet.

9.0 Kammalawa

Barth ma'aikacin gwamnatin Ingila ne, kuma Turawan da suka ci ƙasar nan bayan shekara hamsin sun amfana da taswirorinsa. Haka kuma yana da ra'ayoyin zamaninsa da ba za a karɓa ba a yau. Duk da haka, ya zo da niyyar koyo, ya ɗauki malaman ƙasar nan a matsayin masana, ya bar mana bayanin da babu kamarsa a kan garuruwa da bishiyoyin ƙasar Hausa a tsakiyar ƙarni na 19. Yankin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura ya sauya ƙwarai tun daga lokacin: noma da sarar itace sun ci daji, kuma rashin tsaro na shekarun baya-bayan nan ya tashi ƙauyuka da dama, tare da dattawan da suka san sunan kowane tsiro. Abin da ba a rubuta ko aka zana ba yana iya tafiya tare da su. Kayan da Barth ya yi aiki da su ba su fi ƙarfin kowace makarantar firamare ba. Malamin Hausa da zai fita da ɗalibansa su zana bishiyoyin da ke kewaye da makaranta, su rubuta sunan kowace da amfaninta daga bakin iyayensu, su sa rana da wuri, ya ajiye wa garinsu shaidar da ba sai an je Landan an taya ba.

Auna Fahimta

1. Bayyana hanyar da Barth ya bi daga Katsina zuwa Wurno a 1853, tare da dalilin da ya sa ya shiga babban ayari.
2. Wace rawa Bernatz ya taka a hotunan littafin Barth? Yaya wannan ya shafi amincewa da su a matsayin hujjar tarihi?
3. Me ake dubawa kafin a yi wa tsohon littafi mai hotuna farashi a gidan gwanjo?
4. Tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji biyar na firamare a kan sunayen bishiyoyi goma na garinku da amfaninsu.